Kwanon Na-Gabas

Halimatu Sa'adiyya ta sauka a Kura lokacin dashen shinkafa, da jaka ɗaya da tabarau da wata irin Hausa da aka daina yi tun kafin ruwan Tiga ya iso. Ta tare mai adaidaita sahu ta ce, "Ya kai bawan Allah, ka isar da ni zuwa ga sarkin marina." Mutumin ya waiwayo ya dube ta tun daga ɗankwali har takalmi, ya ce, "Hajiya, daga wane fim kika fito?"

Daga Sudan ta fito. Can aka haife ta, can aka haifi ubanta. Kakanta ne ɗan Kura, Muhammadu Sani, marini, wanda ya bar gida yana saurayi da ɗaurin turkudi, rinannen yadi mai sheƙi, a ka, wai zai riƙa sayarwa a hanya har ya kai kansa Makka. Turkudi ya ƙare, Makka ba ta matso ba. Ya tsaya tsinkar auduga a ƙasar Jazira, wai na shekara guda, auduga kuwa ta riƙe shi. Ya yi aure, ya haifa, ya yi furfura. Ko saƙo bai taɓa aikowa gida ba. Mutumin da aka raka har bayan gari ana ce masa alhaji tun bai tafi ba, da wace fuska zai aiko ya ce yana nan a gonar wani?

Ranar da zai cika, Halimatu tana yarinya, ita ke masa fifita. Ya ce, "Da zan fito, Inna ta tsaya a bakin zaure ta ce kwanona ba zai kife ba sai na dawo, ko labarina ya dawo. A je Kura a ce musu na mutu, su huta." Ubanta ya ce to. Baffanninta suka ce to. Kowa ya ce to, aka binne tsoho, aka koma harkar auduga. Yarinyar mai fifita ce kaɗai ba ta ce komai ba, ita ce kuma ta riƙe.

Ta girma ta yi boko ta zauna a Umdurman, aikinta iri biyu. Na farko, ta ƙaga labari ta rubuta da Larabci, a buga, mutane masu hankali su sa kuɗinsu su sayi abin da sun san bai faru ba. Na biyu, wasu su rubuta nasu su kawo kamfanin da take aiki, ita kuma ta zauna da jan biro ta yanke. Mutum ya kwana biyu yana fama ya haɗa shafi cike, ta bar masa layi uku, ya tafi yana zaginta, littafi ya fito a yabe shi. Manyan marubuta sun bi ta hannunta. Duk da haka in ta juya baya sai su ce Fallata, sunan da suke kiran duk wanda kakansa ya zo daga yamma. Mijinta ya rasu, ta ci gaba da yanka. Sai yaƙi ya zo, kamfanin ya ƙone da takardun cikinsa. Ɗanta Abuzar ya yi Masar, ya ce ta biyo shi. Ta ce ya yi gaba, tana da aike a yamma. Ta ratso Chadi a bayan mota da buhunan albasa, har Allah ya kawo ta.

A nan kuma sai ta zama Basudaniya.

Ta kama ɗaki ciki da rumfa a wata unguwa da ke bayan injinan casa. Mutanen Kura ba sa barin baƙo da yunwa, musamman baƙon da suke son jin labarinsa. Makon farko kwanuka suka yi ta shigowa har ta rasa wurin ajiyewa. Da aka gama jin labarin yaƙi, aka tabbatar ba ta zo da zinare ba, kwanuka suka fara raguwa. Wata bai cika ba sai saura ɗaya, na gidan da suke haɗa katanga, gidan wani tsohon manomi da ake kira Dattijo. Shi ma ba kullum ba, sai ranar Alhamis kafin magariba. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, a wani tsohon kwanon samira mai ɗigon tsatsa a murfi. Surukar gidan, Rabi'atu, ita ke kawowa, ta gaishe ta ta ajiye ta tafi. Halimatu ta ce a ranta waɗannan mutane masu tsari ne, sadakarsu ma da ranarta.

Nema kuwa ta yi shi. Ta je wurin mai unguwa, ta je wurin liman, ta je wurin tsofaffin da ke zama a gindin dalbejiya.

"Gidan Muhammadu Sani nake nema."

"Wanne? Mai taki, ko mai injin ban-ruwa, ko na Kadawa, ko wanda ya rasu bara?"

"Wanda ya tafi gabas."

"Malama, a garin nan gidan da wani bai tafi gabas ba, to ba su da ƙafa ne."

Ta ce marini ne. Suka ce a da ai rabin Kura hannunsu shuɗi ne. Ta ce marinarsu tana gindin wata tsamiya a hanyar Bunkure. Suka kai ta wurin, ta tarar da injin casar shinkafa yana ta amai da ƙaiƙayi, babu tsamiya babu ramin rini. Lokacin da aka zo haƙa kanal na ruwan Tiga an baje gonaki, an cike ramuka, an sare itatuwa, an mayar da mutane nan da can. Ƙasar da kakanta ya bar mata a ka, ta riga ta zama fadamar tumatir.

Wata rana ta leƙa gidan maƙwabtan ta mayar da kwano, ta tarar da matar Dattijo, Iya Hajara, tana turara shinkafa shanshera a tsakar gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Iya, ke da kika daɗe a unguwar nan, ko kin san wani Muhammadu Sani?"

Tsohuwa ta saki ludayi, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fashe da dariya, ta shige ɗaki. Matan gidan suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Halimatu ta ajiye kwano ta fito ranta a ɓace. Ta saba a yi wa Hausarta dariya a kasuwa, amma ba ta zaci har tsofaffi ba. Daga ranar ba ta ƙara tambayar matan gidan komai ba.

Abin da za ta ci kuwa bai gagare ta ba. 'Yan matan yanzu kowacce marubuciya ce, suna danna labarin soyayya a waya suna turawa ƙawaye. Wata Fa'iza, 'yar gidan malamai, ita ta fara kawo mata nata. Halimatu ta gyara tabarau ta karanta.

"Wannan saurayin naki, motarsa nawa?"

"Bakwai, Anti."

"A ina yake ajiye su, a Bunkure? Ki bar masa babur. Kuma yarinyar nan tun shafin farko take kuka, yaushe take cin abinci?"

"Anti, ai soyayya ce."

"Soyayya ma tana wanke-wanke. Cire."

Fa'iza ta fita tana ƙunƙuni, ta sa mata suna Anti Almakashi. Amma da labarin ya fita, har daga Dawakin Kudu aka yi ta kiran waya ana neman ci gaba. Sai ga su nan bi da bi, masu waya da masu littafin makaranta. Ita tana yanke musu ƙarya, su suna gyara mata Hausa, har ta daina ce wa mai kayan miya ya kai bawan Allah.

A nan dabara ta zo mata. Ta lura matan garin nan ba da ido suke karatu ba, da kunne suke yi. Mace tana tankaɗe ko tana tsince shinkafa, waya na kan turmi, wata mai daɗin murya tana karanto littafi. Tsofaffi ma suna ji, suna cewa ba sa ji. Ta ce to, tunda maza sun kasa, bari ta rubuta labarin kakanta da Hausa, da sunansa da sana'arsa da tsamiyarsa, a karanta ya shiga kowane tsakar gida daga Kura har Bunkure. Dole wata tsohuwa ta ajiye rariya ta ce, kai, wannan ai namu ne.

Ta zauna ta rubuta, damina ta biyu ta wuce, aka girbe shinkafa, aka dasa albasa. Da ta gama sai ta ɗauko jan biro ta hau kanta kamar yadda take hawa kowa. Ta iso wurin da uwa ta tsaya a bakin zaure tana cewa kwanonka ba zai kife ba. Ta karanta, ta sake karantawa. Ta ce wannan irin zaƙin ne take hana su Fa'iza. Maganar uwa ce a bakin ƙofa, kowace uwa tana yin irinta, wa zai yarda? Ta ja masa layi ja tun daga sama har ƙasa.

Mai daɗin murya a unguwar kuwa ba wata ba ce, Rabi'atu ce mai kawo tuwo. Ita ke karanta wa su Fa'iza nasu, in ta yi muryar uwar miji har gaban mutum sai ya faɗi. Ta zo da hantsi ta zauna a rumfa, aka rufe ƙofa saboda awaki, aka danna waya. Ta ɗauki shafin farko ta buɗe baki. Sai ta rufe.

"Bismillah mana," in ji Halimatu.

"Anti, ba zan iya ba."

"Rubutun ne bai fita ba?"

"Ya fita sarai. Kalmar farko ce."

Kalmar farkon littafin kuwa sunan ne, Muhammadu Sani, a tsaye shi kaɗai kamar turke.

"Me ya same ta?"

"Sunan Baba ne."

"Wane Baba?"

"Baban maigidana, surukina."

"Ba Dattijo yake ba?"

"Wannan ai lakabi ne, Anti. Ni na kama sunansa da bakina, kuma a waya, duk gari su ji? Wallahi gara a ce na zagi liman. Ko Iya da ta haifa masa 'ya'ya tara ba ta taɓa faɗa ba."

Halimatu ta cire tabarau. Sai yanzu ta gane dariyar ranar nan. Ta je ta tsaya a kan tsohuwa a gaban surukanta ta kira mata sunan miji gatsau, har tana tambayarta ko ta san shi.

"To ki daure. Ba shi kike kira ba, mutumin littafi ne."

"Kunnen mutane bai san littafi ba. Ki canza masa mana, ki sa Mudassiru. Ko in riƙa cewa mai sunan Baba."

"Mai sunan Baba ya ɗauki turkudi, mai sunan Baba ya hau raƙumi? Har ƙarshen littafi?"

"Ai ana yi."

"Ba a nawa ba."

Rabi'atu ta ce, "Ke da kike yanke na kowa, kalma biyu ta gagare ki?"

"Duk littafin saboda kalma biyun nan aka yi shi. In na cire, wa zai gane nasa ne?"

Rabi'atu ta ajiye takarda a kan tabarma a hankali, ta ba da haƙuri, ta tafi.

Halimatu ta gwada karantawa da kanta. Ta saurara, ta ji muryarta kamar mai wa'azi da mura, ta goge. Ta gwada Fa'iza, ita kuma gudu take kamar ana bin ta da bulala. Ana cikin haka Abuzar ya kira daga Masar.

"Ummi, ya isa haka. Mutumin nan ya mutu, waɗanda suka san shi sun mutu. Wa za ki gaya wa? Na samo miki aiki a wani kamfanin littattafai, suna jiran ki."

"Su jira."

"Har yaushe?"

"Har na sauke abin da na ɗauko. Ka ci abinci?"

Washegari ta yafa mayafi ta nufi gona. Ta ce tunda sunan yana da mai shi, wurin mai shi za ta. In ya ba surukarsa izini da bakinsa, magana ta ƙare. Ta hau babur har bakin babban kanal, ta sauka ta bi kunya-kunya tana tambaya, takalminta na nutsewa a taɓo. Ta wuce masu jera kwandunan tumatir, ta wuce masu feshi. Ta sami Dattijo tsaye cikin ruwa, ya naɗe wando har gwiwa, yana buɗe wa albasarsa hanya da fartanya, dogon tsoho mai manyan kunnuwa.

"A'a, Malama Almakashi! Yau gonata za a yanke?"

"Baba, barka da aiki. Alfarma na zo nema."

Ta faɗa masa komai, littafi da Rabi'atu da kalmar farko. Ya dogara da fartanya ya yi dariya har da tari.

"Ni in ce wa Rabi ta kira sunana? Ko na ce, harshenta ba zai ɗauka ba. Malama, ni kaina ban taɓa jin sunan nan a bakin uwata ba. Sai da aka kai ni makarantar allo malam ya kira, na zauna ina waige-waige ina neman mai shi."

"Saboda me?"

"Ba nawa ba ne, riƙo nake. Sunan wan babana ne. Shi ya sa ake ce min Dattijo tun ina tsumma. Mu a gida Na-Gabas muke ce masa, yaran yanzu ma ba su san yana da wani suna ba."

Halimatu ba ta yi rawar jiki ba. Gidaje da yawa sun ce mata nasu ya tafi gabas, an sha shayi, an rabu ba dangi. Ta tambaye shi kamar yadda take tambayar su Fa'iza.

"Me yake yi kafin ya tafi?"

"Rini, kamar kowa."

"Ya aiko?"

"Ko ƙyalle. Har kakarmu ta rasu tana kallon ƙofa." Ya sunkuya ya toshe wata ɓaraka da taɓo, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ai ke ma kina cin arzikinsa. Tuwon Alhamis ɗin nan nasa ne."

"Na wa?"

"Na Na-Gabas. Ranar Alhamis ya fita. Kakarmu takan zuba masa nasa, in magariba ta gabato bai shigo ba a kai wa baƙon da ya fi kusa. Da za ta rasu ta bar wa uwata, uwata ta bar wa Hajara. Akushi ne da, ya tsage, aka koma samira. Ni na ce a daina, shinkafa ta yi tsada. Matan suka ce ba da ni aka yi alkawarin ba."

Halimatu ta nemi wuri a bakin kanal ta zauna, ba ta ko duba taɓo ba. Ruwa na wucewa ta gabanta da ganyen albasa a kai. Shekara guda da wani abu tana yawo gari-gari da tambaya a baki, ta dawo ta wanke hannu ta cinye tuwon kakanta, har takan ce miyar ta yi gishiri. Abin da ta ja wa jan layi don ba mai yarda, shi ne ke shigo mata ɗaki duk mako da murfinsa.

Ta share fuska da gefen mayafi, ta mayar da tabarau. Ba a ba da irin wannan saƙo mutum yana tsaye cikin ruwa.

"Baba, fito ka wanke ƙafa. Aike na kawo."

Ya dube ta, ya ga ba wasa. Ya fito ya ɗauraye ƙafafu ya sauke wando, ya zauna nesa kaɗan.

Ta ce, "Uwarsa ta tsaya a bakin zaure ta ce kwanonsa ba zai kife ba sai ya dawo, ko labarinsa ya dawo."

Tsoho ya ce, "Wannan matan gida za su iya gaya miki."

"Ba sa magana da ni sai gaisuwa, tun ranar da na kira wa Iya sunanka."

"Ashe ke ce! To, in kin san shi, me ke hannunsa?"

"Babban yatsansa na hagu a murƙushe yake, farcen bai sake fitowa ba. Ya ce ƙanensa ne ya sauke masa sandar bugu a kai suna bugun turkudi, wai yana kallon wata mai tallan fura."

Dattijo ya kama gemu. "Babana ke nan. Mai furar kuma uwata ce." Ya matso kusa. "Yana ina?"

"Ya rasu, Baba, ina yarinya, a hannunmu. An yi masa sutura, an binne shi a wani ƙauye a Jazira, kusa da kanal irin wannan. Bai kai Makka ba, kunyar haka ta hana shi aikowa. Ya ce a zo a gaya muku, ku huta. Ni jikarsa ce, Halimatu 'yar Abdulsamad."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Dattijo, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ya cire hula ya mayar. Ruwa ya ɓalle ya cika masa albasa, bai ko waiwaya ba. Sai can ya ce, "Makka! Don wannan? Ai da ya dawo, mu nan wa ya je?"

Da labari ya shiga gida, Iya Hajara ta fito ta kama fuskar Halimatu da hannu biyu ta juya ta hagu da dama. Ta ce ita tun ranar farko ta sani, wa zai ga waɗannan kunnuwa bai gane ba? Kafin la'asar duk unguwa kowa ya sani tun ranar farko, har mai adaidaita sahu.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zo, aka yi addu'a, aka raba waina. Masu wucewa suka tsaya suna gaisuwa.

"Ashe rashi aka yi? Yaushe?"

"Ai an ɗan jima."

"Allah ya ji ƙansa. Ya sha jinya?"

"Sai ku tambayi Malama."

A cikin gida Iya Hajara ta ɗauko kwanon samira ta wanke shi da toka har ya yi ƙyalli. Ta miƙa wa Halimatu ta ce ita ta kawo labari, ita za ta kife. Halimatu ta karɓa, ta shiga ɗakin da aka ce nan ne gurbin ɗakin uwar Na-Gabas, ta durƙusa ta kife shi a ƙasa. Matan da ba su taɓa ganin mutumin ba, ba su ma san sunansa ba, suka yi kuka sosai. Ita ba ta yi ba sai da ta koma ɗakinta.

Abuzar ya kira ya ce to alhamdu lillahi, an sauke, yaushe za ta taso? Ta ce ya bari tukuna, littafi bai fita ba, kuma su Fa'iza sun fara mayar wa samarinsu motoci. In yana son ganin ta ya zo, akwai masu irin kunnensa da yawa.

Saura maganar suna. Halimatu ta ɗauka yanzu an wuce wurin, ta kira Rabi'atu ta miƙa mata shafin farko. Rabi'atu ta ce, "Anti, da sunan mutum ɗaya ne, yanzu ya zama na biyu. Ya ƙara nauyi." Iya Hajara daga bayan katanga ta ɗaga murya, "Ke ma Halima bakinki ya rufu daga yau. Baffanki ne. In na ƙara ji, ludayi zan ɗauko."

Halimatu ta zauna da jan biro ta daɗe tana kallon kalma biyun. Sun gama aikinsu. Ta bi littafin shafi-shafi tana cirewa tana sa Na-Gabas, ta bar sunan wuri ɗaya tak, a bangon ciki, inda ido zai gani baki ba sai ya faɗa ba. Sannan ta koma wurin jan layin nan ta rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe, a mayar. Rabi'atu ta karanta, da ta iso bakin zaure ta yi muryar tsohuwa, sai da aka tsayar da waya aka nemo mata ruwa. Da littafin ya zaga, Fa'iza ta zo ta ce, "Anti, wurin kwanon nan fa ya yi zaƙi da yawa. Da ni na rubuta da kin ce cire." Halimatu ta ce, "Da na ce. Kawo naki mu gani."

Alhamis ta zagayo. La'asar ta yi sanyi, Halimatu ta wanke hannu ta shimfiɗa tabarma a rumfa, kunnenta na ƙofa. Aka kira magariba, shiru. Ta yi salla ta dawo ta zauna, shiru. Cikinta ya fara magana. Ta leƙa ta kan katanga ta yi gyaran murya.

"Iya, lafiya dai yau?"

"Lafiya lau. Me aka yi?"

"Na ji shiru ne."

"Shirun me? Kwano ai ke kika kife shi da hannunki. Kuma 'yar gida ba a kai mata tuwo. Zagayo, ga muciya nan, Rabi ta gaji."

Marubuciyar da manyan Umdurman ke tsoron jan bironta ta zagaya, ta ɗaura zani a ƙirji, ta kama muciya da hannu biyu kamar mai haƙa rami. Hayaƙi ya cika mata tabarau. Ta tuƙa, ta tuƙa, ba ta yarda an karɓa ba. Da aka kwashe aka kai wa Dattijo nasa, ya gutsura ya tauna ya daɗe yana taunawa, ya tsamo wani gudaji ya ɗaga shi sama yana dubawa.

"Wa ya yi tuwon nan?"

"'Yarka," in ji Iya Hajara.

"To a gaya mata akwai wuraren cirewa."

Halimatu ta amsa daga bakin murhu, "A ajiye min muciyar. Alhamis mai zuwa ma ni ce."